Sakatar Bindiga: Shiga Daban, Dacewa Daban

Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu sha'awar bindigogin da ake ɗana su da sakata, cewa muddin bindigogi biyu samfuri ɗaya ne, ana iya zare sakatar wannan a zura wa waccan, kuma idan ta rufe lami lafiya, shi ke nan. Wannan magana ta cakuɗa gaskiya kaɗan da kuskure mai iya makantar da mutum. Lokacin harbi, matsin da ke cikin harsashin .303 yana iya haura tan 3 a kan kowace murabba'in santimita, kuma haƙoran sakata ne kaɗai ke tare shi daga fuskar maharbi. Tsakanin goshin sakata da inda harsashi ke tokarewa akwai wata 'yar tazara da dole ta zauna cikin iyaka. A bindigar Lee-Enfield ta sojan Ingila, iyakar ita ce daga inci 0.064 zuwa 0.074, wato bambancin kusan rubu'in milimita. Idan tazarar ta wuce haka, kwanson tagulla yana miƙewa har ya iya tsagewa, iska mai zafi ta yi baya. Sakatar da ta yi sako-sako kuwa ta fi kowace rufewa cikin sauƙi, saboda haka sauƙin rufewa ba shaidar lafiya ba ne.

Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce, an ƙera wasu bindigogi don a riƙa sauya musu wani sashe. Lee-Enfield lamba 4, wadda 'yan sanda da sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa, tana da kan sakata mai kwancewa, da lambobi daga 0 zuwa 3 gwargwadon tsawo. Sai dai an yi haka ne domin maƙerin soja ya zaɓi wanda ya dace bayan ya auna, kuma kai biyu masu lamba ɗaya kan ɗan bambanta a tsawo. Mauser ta Jamus ta 1898 ba ta da wannan sassauci, shi ya sa ake buga lambar bindiga a jikin sakatarta. Ko lambar ma shaida ce kawai cewa sun dace ranar da aka haɗa su; shekaru da harbi suna cinye ƙarfe.

Jita-jita ta biyu ta ce idan hannun sakata ya yi tauri wajen ɗagawa, saitinsa ne ya goce, a goge haƙoran da magagari. Gaskiya ne hannun yana da saiti: yayin ɗaga shi yana hawa wani ɗan gangare da ke ɓamɓaro kwanso, kuma a bindigar Remington 700, inda ake manna hannun da narkakken ƙarfe, kuskuren wuri yana rage ƙarfin ɓamɓaro kwanson. Amma taurin na iya fitowa daga datti, tsatsa, ko harsashi mai matsi fiye da kima. Goge haƙora yana ƙara tazarar nan, a tsofaffin Mauser kuma yana iya cire taurin fatar ƙarfen, sai maganin ya fi cutar muni.

Wani zai ce ai sojoji sun yi musayar sakata a fagen fama, bindigogi suka ci gaba da tashi. Haka ne, domin an ba bindigar soja sarari saboda laka da yashi, kuma sau ɗaya ake harba kwanso a yar. Amma sojojin nan suna da maƙera masu bin bindigogi da ma'aunin ƙarfe, suna janye wadda ta wuce iyaka. Harbi ɗari ba tare da haɗari ba bai auna komai ba. Duk sakatar da aka sauya, a kai ta ga ƙwararren maƙeri mai izinin hukuma ya gwada ta da ma'auni kafin a sa mata harsashi.