MURA MAI ZAFI DA MASU CIWON SUKARI

Idan kaka ta yi, hunturu ya fara busawa, da wuya ka shiga wani gida a ƙauye ba ka ji tari da atishawa ba. Yawancinmu ba mu ɗauki mura a bakin kome ba. Mukan ce ai mura ce kawai, mu sha kunu da citta, mu koma masussuka. Ga saurayi mai jini a jika sau da yawa hakan ya isa. Amma ga dattijo, ko mutumin da yake da ciwon sukari, akwai wata irin mura wadda takan kwantar da shi makonni, wani lokaci ma ta zama ajalinsa. Tun da yake a kowace ƙungiyar gama kai akwai dattawa, akwai kuma masu ciwon sukari, ya kamata mu san abin da za mu yi tun kafin ta iso.

Mura iri biyu ce

Akwai mura ta kullum, wadda takan fara a hankali da yoyon hanci da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro. Akwai kuma mura mai zafi, wadda likitoci suke kira infuluwenza. Ita wannan farat ɗaya take kama mutum. Da safe yana lafiya, kafin yamma ga zazzaɓi, ga ciwon kai, ga ciwon gaɓoɓi, ga busasshen tari da kasala mai tsanani. Ƙwayar cutar tana bin iska daga tari da atishawa, tana kuma bin hannu. A ƙasashen Turai lokacin sanyi take zuwa, amma a ƙasashe masu zafi irin namu tana iya yawo kusan duk shekara.

Kakanninmu sun san ta. A shekarar 1918 ta shigo Ikko ta jirgin ruwa, ta bi hanyar jirgin ƙasa har zuwa Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya kaɗai. Wannan babbar annoba ce, irin wadda ba ta zuwa sai jifa-jifa. Amma ko ta kowace shekara ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 290,000 zuwa 650,000 suke mutuwa duk shekara saboda ciwon numfashi da take jawowa, tsofaffi kuwa su ne suka fi yawa a cikinsu.

Don me ta fi tsanani ga mai ciwon sukari?

Da fari dai, yawan sukari cikin jini yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Saboda haka murar da za ta saki wani bayan mako guda tana iya gangarawa ƙirjin mai ciwon sukari ta zama ciwon huhu, watau namoniya.

Na biyu, zazzaɓi yakan sa sukari ya hau, ko da mutum bai ci kome ba. Sai ya yi ta fitsari, ruwan jikinsa ya ragu, sukarin ya ƙara hawa. In ba a kula ba mutum yana iya ruɗewa ko ya suma. Wani kuma akasin haka ne yake samunsa: ba ya iya cin abinci, ga shi ya sha magani, sai sukarin ya faɗi ƙasa ƙwarai, ya kama rawar jiki da gumi.

Na uku, masu ciwon sukari da yawa suna da hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda a ɓoye, mura mai zafi kuwa takan tayar da su.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne, da yawa suna da ciwon ba su sani ba. A lissafin shekarar 2021, manya wajen miliyan 24 ne suke da ciwon sukari a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, fiye da rabinsu kuwa ba a taɓa gwada su ba. Wanda yake yawan jin ƙishirwa, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, yana ramewa ba dalili, ko miki ya ƙi warkewa a ƙafarsa, lalle ya je a auna jininsa.

Allurar rigakafi

Manomi ba baƙon rigakafi ba ne. Da allura aka yaƙi ciwon bushiya wanda ya sha ƙarar da garkunan shanu, har aka ba da sanarwa a 2011 cewa babu shi kuma a duniya. Mura mai zafi ita ma tana da allurarta. An gano ƙwayar cutar a birnin Landan a 1933, aka fara yi wa jama'a allurar a Amurka wajen 1945. Har yau yawancinta cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar, sa'an nan a kashe ta, a tace, a zuba cikin kwalba. Tun da yake ƙwayar matacciya ce, allurar ba ta iya sa wa mutum mura. Abin da akan ji shi ne ɗan ciwo a dantse, ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu.

Amma akwai bambanci da allurar bushiya. Ƙwayar mura tana sāke kama kowace shekara, ƙarfin allurar kuma yana raguwa cikin jiki bayan watanni. Domin wannan masana sukan zauna sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da Satumba, su zaɓi irin da za a sa cikin sabuwar allura. Watau ta bara ba ta isa bana ba, sai an sāke. Bayan an yi ta, sai ta kai wajen mako 2 kafin ta fara aiki, don haka ba a jira sai mura ta shigo gari.

Kada kuma wani ya zaci wanda aka yi wa allura ba zai ƙara yin mura ba. A shekarar da allurar ta dace da irin da yake yawo, takan rage kamuwa da wajen kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Wanda ta kama duk da haka, sau da yawa takan zo masa da sauƙi. Ba ta hana mura ta kullum, ba ta kuma hana murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi ta duk shekara ga waɗanda suka haura shekara 65, da masu ciwo mai daɗewa kamar sukari, da mata masu juna biyu, da yara daga wata 6 zuwa shekara 5, da ma'aikatan asibiti. Wanda yake cikin zazzaɓi mai zafi ya bari sai ya warke. Wanda wata allura ta taɓa kumbura masa fuska ko ta toshe masa numfashi, ya gaya wa likita tukuna. Akwai kuma wata iri da ake fesawa a hanci, amma mai ciwon sukari ta dantse ce tasa.

In ta riga ta kama shi fa?

Kada ya yi zamansa a ɗaki yana jira. A kai shi asibiti tun ranar fari, a gwada ko zazzaɓin sauro ne, gama alamunsu suna kama da juna. Akwai maganin mura mai zafi, amma ya fi amfani in an fara shi cikin kwana 2. Kafso da ake saya a kasuwa ba ya kashe wannan ƙwaya. Ya riƙa shan ruwa a kai a kai, ya ci ɗan abin da zai iya. Mai allurar insulin kada ya daina da kansa don ba ya cin abinci, mai shan ƙwayoyi kuma ya tambayi likita in yana amai. In akwai abin awo, a auna sukarinsa kowace awa 4. A lura da maganin tari na kwalba, gama da yawansu cike suke da sukari. In numfashi ya yi wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya fara surutai, to, ko tsakar dare ne a nemi mota.

Aikin ƙungiya

Wannan allura ba ta cikin waɗanda ake yi wa yara kyauta a Nijeriya. Galibi sai a manyan garuruwa ake samunta, da kuɗi kuma. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa, shi ne dalilin kafa ƙungiya. Magatakarda ya rubuta sunayen dattawa da masu ciwon sukari. A aiki mutum biyu su tambayi likitan asibiti mafi kusa inda ake samunta, da nawa ne, da watan da ya fi dacewa. Yadda muke haɗa kuɗin taki, haka za mu iya ware wani abu bayan an sayar da amfanin gona, domin allura da kuɗin mota, har ma da abin awon sukari na ƙungiya. Kada a saya a hannun mai talla a kasuwa, gama allurar tana bukatar sanyin firji, zafin rana ko ƙanƙara kuwa yakan lalata ta.

Inda ba a samu ba, kada a zauna haka nan. A wanke hannu da sabulu, mai tari ya rufe bakinsa, mai mura kuma ya ɗan dakata da zuwa gaishe da tsofaffi sai ya warke. Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa, tun hatsi yana rumbu.