Tsaftar da ta kashe mana kifi: yadda ake jera kayan matatar akwariyom da kula da su

Wata Litinin da safe na shiga aji na tarar da yara sun yi cirko-cirko gaban akwatin gilashin da muke kiwon kifi a ciki. Huɗu daga cikin ƴan gupi goma sha biyu sun juya ciki sama, sauran sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki. Wata yarinya ta dube ni ta ce, "Mushe, ko wani ne ya zuba masu magani?" Na rasa amsar da zan ba ta, don ni ma ban sani ba.

Sai daga baya na gane laifina ne. Ranar Larabar da ta wuce da marece na kwance matatar ruwan, na ga soson da ke ciki ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙyama ta kama ni. Na kai shi bakin famfo na dirje da omo har ya yi fes, na jefar da tsohuwar audugar na sa sabuwa, na kuma canza rabin ruwan. A tunanina gata na yi wa kifin. Ashe abin da ke raya su na wanke.

Abin da ke zaune cikin matata

Matatarmu irin wadda ake ratayawa ce a bayan gilashi. Bututu ɗaya yana nutse cikin ruwa, ƙaramar farfela tana jawo ruwan zuwa cikin akwatin roba, ya ratsa kayan tacewa, sannan ya zubo ya koma wurin kifi. Mai kallo zai ɗauka aikinta kawai tare datti. Babban aikinta kuwa ido ba ya ganin shi.

Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya, ta kashinsa da kuma ta wurin da yake numfashi a gefen kai. Ragowar abinci idan ta ruɓe ita ma amoniya take bayarwa. A gulbi ruwa yana da yawa, yana tafiya da ita. A akwatin lita 60 irin namu babu inda za ta je. Masu ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Kashi na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da nitirit nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce in bai taru ba, kuma canjin ruwa yana rage shi.

Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke cikin ruwa ba, maƙalewa suke a jikin abu, musamman inda ruwa ke gudana: soso, auduga, tsakuwa. A sabon akwati sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Ruwan famfo kuma ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa bai san na kirki da na banza ba. To ni na haɗa masu kulorin da omo, na kuma jefar da gidansu. Aikin mako shida ya tafi cikin minti goma.

Bi ruwa, ka san jeri

Dokar jera kayan guda ce: duba ta inda ruwa ke shiga akwatin matatar da ta inda yake fita. A wasu matatun ruwa daga ƙasa yake tasowa sama, a wasu kuma daga baya yake ratsowa gaba. Abin da ruwa zai fara taɓawa shi ne soso mai manyan ƙofofi, ya tare kashi da ganye da ragowar abinci. Bayansa sai soso mai laushi ko audugar roba, ta kama ƙananan ƙura. Na ƙarshe su ne ƴan zobban yumɓu da aka gasa, masu ƙananan ramuka, cikin ƴar jakar raga. Nan ne babban mazaunin bakteriya. Idan aka sa zobban a gaba, laka za ta toshe ramukansu, iska ta daina isa ga ƙwayoyin. Idan aka sa audugar a gaba, cikin kwana kaɗan ta cushe, ruwa ya riƙa kewaye kayan yana komawa ba a tace ba.

Akwai kuma sarrafaffen gawayi, wanda ake sawa bayan soso. Yana tsotse launi da wari da ragowar magani, amma cikin mako 3 zuwa 4 ya cika, ya daina aiki. Ba gawayin shayi ba ne, kar wani ya daka na murhu ya zuba. Ba dole ba ne kullum, kuma idan ana yi wa kifi magani cire shi ake, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Ni yanzu gurbinsa na cika da ƙarin soso.

Matatu da yawa suna zuwa da wani faifai na auduga da gawayi a ciki, a kwalin an rubuta a canza shi kowane wata. Wanda ba shi da komai a matatarsa sai wannan faifan, duk ranar da ya jefar da shi ya jefar da akasarin bakteriyarsa. Ga shi a nan samun sabo wahala, ga tsada. Mafita ita ce a yanka soso daidai faɗin akwatin a sa, a bar tsohon faifan a gefensa kamar wata guda kafin a cire. Sai dai a nemi soson da aka yi don kifi, domin wasu sosan wanke-wanke akwai sinadari a jikinsu.

Wanki ba da famfo ba

Duk mako muna cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a bokiti. Idan zubar matatar ta rage ƙarfi, cikin wannan tsohon ruwan muke matse soso sau uku ko huɗu. Ba sai ya yi fari ba. Zobba kuwa girgiza su kawai ake, shekaru suke yi ba a canza ba. Auduga ita ce ake jefarwa in ta lalace. Ba a taɓa duka kayan rana ɗaya: wannan makon soso, zobba sai wani lokaci. Sau ɗaya a wata a ciro farfelar a goge, don gansakuka da yashi suna tsayar da ita. Sabon ruwa kuma mukan bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, in da hali a ɗiga maganin kashe kulorin, shi ya fi tabbas.

Wuta, zafi da ƙura

Abin da takardar cikin kwali ba ta faɗa shi ne halin ƙasarmu. Bakteriyar nan da oksijin suke rayuwa. Idan wuta ta ɗauke ta yi awoyi, ruwan cikin matata ya tsaya, iska ta ƙare, su fara mutuwa. Don haka in ɗaukewar ta yi nisa, sai a ciro soso da jakar zobba a sa cikin akwatin kifin, a riƙa ɗiban ruwa da kofi ana zubowa daga sama, a kuma rage abinci. Kafin a sake kunnawa a zubar da ruwan da ya kwanta a matatar, a cika ta da na akwatin, domin irin wannan matata in ta tashi a bushe injinta na iya ƙonewa.

A watan Afrilu da Mayu ruwa yana ɗumi, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin sosai, ga shi yana saurin ƙafewa. A riƙa cikawa, amma ciko ba canji ba ne, nitirat yana nan bai fita ba. Lokacin hunturu ƙura ke cika auduga da wuri, murfi a kan gilashi yana taimakawa.

Kifi takwas ɗin da suka rage mun cece su da canjin ruwa kaɗan-kaɗan kowace rana, da rage abinci, har ƙwayoyin suka dawo. Na tsaya gaban aji na faɗa wa yaran ni ne na yi kuskuren, muka zana tafiyar amoniya a allo. Yau gupin sun hayayyafa, yara biyu ke kula da matatar kowane mako. Kwanan baya wani abokin aikina ya leƙo, ya ga soson, ya ce a kai famfo a wanke wannan ƙazanta. Kafin in buɗe baki wani yaro ya riga ni: "Mushe, a bar shi haka nan, da masu gida a ciki."