Labarin Hoto a Tambayi Inuwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma fuskar da ke cikin hoto ba ita kaɗai take magana ba, domin kuwa akwai wanda ya zaɓi inda fitila za ta tsaya, da inda kyamara za ta zauna, da kuma lokacin da za a ɗauka. Duk waɗannan dabaru suna barin sawu a jikin hoton, kuma mai lura yana iya bin sawun har ya gano yadda aka yi aikin. Misalin da zai fayyace wannan shi ne hoton Winston Churchill, Firayim Ministan Birtaniya, wanda Yousuf Karsh ya ɗauka a birnin Ottawa na ƙasar Kanada ranar 30 ga Disamba, 1941.

A wannan rana Churchill ya yi wa Majalisar Dokokin Kanada jawabi, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Karsh kuwa tun daren jiya ya kafa fitilunsa da kyamararsa a ɗakin Kakakin Majalisa, saboda ya san ba za a ba shi lokaci mai tsawo ba. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, Churchill ya ƙi ajiye sigarinsa, sai Karsh ya matso ya zare shi daga bakinsa, ya koma ya ɗauki hoton nan take. Murtuke fuskar da duniya ta fassara da jarumtar shugaba mai fuskantar abokan gaba, asalinta fushin mutumin da aka ƙwace wa taba ne. Karsh ya sake ɗaukar wani hoton, Churchill na murmushi, amma na farkon ne ya yi suna, har Bankin Ingila ya sa shi a takardar fam biyar a 2016.

Matakin farko na nazarin irin wannan hoto shi ne duban ƙwayar ido. Ido kamar madubi yake, kowace fitila da ke gaban mutum takan bar ɗan ɗigon haske a cikinsa. Yawan ɗigon yana nuna yawan fitilun, wurin da ya faɗa yana nuna ɓangaren da hasken ya fito, siffarsa kuma takan tona ko taga ce ko fitila.

Mataki na biyu shi ne inuwar hanci. Idan ta sauka ƙarƙashin hanci sosai, babbar fitila tana sama ne, daura da kyamara. Idan ta karkata gefe har ta haɗu da inuwar kunci, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido, to fitilar tana gefe ne kuma a sama. Wannan salo ana kiransa da sunan Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Har ila yau, bakin inuwar yana da nasa bayani: ƙaramar fitila mai nisa takan yanka inuwa kaifi ɗaya kamar ranar tsaka, ta fito da kowace tamoji a fata, faffaɗan haske na kusa kuwa yakan tausasa ta kamar ranar da hadari ya rufe.

A hoton Churchill, fuska da hannu su ne suka fito fili, baƙar kwat da katakon bangon ɗakin suka nutse cikin duhu. Wannan ba dace ba ne. Karsh ya koyi sarrafa fitilu ne a dandalin wasan kwaikwayo na Ottawa, kuma an san shi da ba hannuwa haskensu na musamman. Akwai kuma ƙa'idar kimiyya da ke taimakon mai irin wannan nufi, wato idan nisan abu daga fitila ya ninka biyu, hasken da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Saboda haka bangon da ke nesa yakan yi duhu da kansa, idon mai kallo kuma ba shi da inda zai je sai fuska.

Mataki na uku ya shafi kyamara. Karsh ya yi aiki da babbar kyamara mai tsayawa bisa ƙafafu, wadda faɗin fim ɗinta inci 8 ne, tsawonsa inci 10. Fim mai wannan girma yana kama zaren tufa da gashin gira, amma yana buƙatar gilashi mai dogon zango, wanda ke taƙaita wurin da zai fito tangaran. Don haka sai an tsuke ƙofar haske, an ƙara ƙarfin fitilu, an kuma daidaita komai kafin mutum ya tsaya. Nisan kyamara ma ana iya gane shi: in ta matso ƙwarai hanci yakan ƙara girma, kunnuwa su ƙanƙance, in ta ja baya sassan fuska su daidaita. Haka nan kyamarar da aka sauke ƙasa da ido takan ƙara wa mutum kwarjini, wadda aka ɗaga sama kuwa ta rage masa.

Amfanin wannan ilimi bai tsaya ga masu sana'ar hoto ba. Ma'aikacin gwamnati yana wuni ƙarƙashin hoton shugaba, ɗalibin tarihi yana kafa hujja da hotunan magabata, mai jefa ƙuri'a kuma yana ganin fuskokin 'yan takara a bango. Kowane ɗaya daga cikin hotunan nan an tsara shi ne domin ya faɗi wata magana. Wanda ya iya karanta ɗigon ido da inuwar hanci da nisan kyamara zai iya rarrabe abin da ke na mai fuskar da abin da mai fitila ya ɗora masa, kafin ya yanke hukunci a kan halin mutum.