FILIN MATA: Kafin Ki Sayar da Tunkiyarki Don Kwamfutar Yaro

Yau zancenmu a kan wani kayan zamani ne wanda iyayenmu ba su san shi ba, amma ga shi ya shigo har cikin ɗakunanmu, watau kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa, wani abu ne da ya sami wata maƙwabciyata a nan Yashe, wanda har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wannan baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da ƙuli-ƙuli da ɗan kiwo take riƙe da su. Babbar 'yarta ta kai ajin ƙarshe na sakandare, burinta ta shiga jami'a a Katsina ko a Dutsin-Ma, ga shi kuwa ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Sai uwar ta sayar da tumakinta biyu, ta haɗa da kwasar adashinta, ta damƙa wa wani yaro mai zuwa birni, ta ce ya zaɓo mai kyau. Ya komo da wata ja mai walƙiya, gida duka aka yi ta murna. Ba a yi mako ba abin ya bayyana. In an kunna ta, sai ka dafa shayi ka sha kafin ta farka, in kuwa an zare waya ba ta minti goma sai ta mutu. Rasit babu, wanda ya sayar ma ba shago gare shi ba. Tumaki sun tafi, kuɗin adashi sun tafi. Masu magana sun ce ba a cinikin biri a sama.

ME YA SA TA ZAMA TILAS?

Wata za ta ce, ina ruwan ɗan ƙauye da kwamfuta? To, ki sani hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ake ba yaro ya amsa cikin awa biyu. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. Yaron da bai saba da na'urar ba, ko da yana da ilmi a ka, rabin lokacinsa a rawar hannu zai tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma fa wannan bai nuna lalle sai kin sayi mai tsada ba. Ki fara tambayar kanki, me za a yi da ita? In dai koyon buga rubutu ne, da bitar tsofaffin tambayoyi, da karanta littattafai, da rubuta lissafin adashi ko na sana'arki, to matsakaiciya ta isa. Masu tsadar nan na masu zanen gine-gine ne da masu haɗa fim. Daidai ruwa, daidai tsaki.

ABUBUWA HUƊU DA ZA KI TAMBAYA

Kada launi ya ruɗe ki, ba atamfa ba ce. Cikinta ake saye, abubuwa huɗu ne kuwa a cikin.

Na farko, ƙwaƙwalwarta. Yawancin waɗanda ke kasuwanninmu na kamfanin Intel ne, za ki ga an rubuta i3, ko i5, ko i7. 'Yan kasuwa sukan ce "ai i7 ce, Hajiya," su ɗaga kuɗi. Sunan kaɗai ba ya wadatarwa, gama kowace tana da zamaninta. A duba lambar da ta biyo baya. In an ga kamar i5-8250U, watau lambobi huɗu masu farawa da 8, to zubi na takwas ce, wanda ya fara fitowa a 2017. In lambar ta fara da 2 zuwa 7, ta girme shi. Sau da yawa i3 ta zubi na takwas ta fi tsohuwar i7 amfani a gida.

Ga dalilin kafewa a kan takwas ɗin. Manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, Windows, ta kamfanin Microsoft ce ta Amurka. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, ya koma ga Windows 11, wadda ita kuwa daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa. Tsohuwar ba za ta daina aiki ba, sai dai ta zama kamar gidan ƙasa da aka daina yi wa yaɓe, kowace damina da inda za ta ɓule. In koyon rubutu kaɗai za a yi ba shiga intanet, ana iya sayenta, amma a kuɗin tsohuwa.

Na biyu, abin da suke kira RAM. Ki ɗauke shi kamar faɗin tabarmar shanya: in ƙarama ce, sai an kwashe wannan kafin a shanya wancan. Windows 11 tana tashi da giga 4, amma da ƙyar take numfashi. Ki nemi giga 8.

Na uku, rumbunta, inda take ajiya. Iri biyu ne. Tsohon yayi wani faifai ne a ciki mai juyawa, ga nawa, ga shi in kwamfutar ta faɗi yana iya lalacewa da duk abin da ke ciki. Sabon, wanda ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ga sauri ga jure jijjiga. SSD mai giga 256 ya fi tsohon faifai mai giga 500 alheri, musamman a gidan da ke da yara.

Na huɗu, batir. A wurinmu nan shi ne uban tafiya, tun da kowa ya san halin wutar lantarki. Sabo da haka ki sa a cika ta, a zare waya, a kunna wani fim a gabanki har rabin awa. In batirin ya zube kamar ruwa a rariya, ko dai a rage miki kuɗin sabo, ko ki tashi. Cajarta kuwa yawanci wat 45 zuwa 65 ce, ƙaramar sola mai inbata tana iya ɗaukarta.

SABUWA KO TA HANNU?

Sabuwa dal tana da garanti, amma kuɗinta yana bin dala, mai arha a cikinsu kuwa sau da yawa jikinta roba ce marar ƙwari. Waɗanda aka yi domin ma'aikatan ofis a Turai da Amurka, irin su Lenovo ThinkPad, da Dell Latitude, da HP EliteBook, ko na hannu ne sun fi jure wahala, kayan gyaransu kuma ba wuyar samu a Kano. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Akwai kuma wata mai suna Chromebook, wadda arharta kan ja hankali. A yi hattara. Ba Windows ke cikinta ba, manhajojin bitar jarrabawa da aka yi domin Windows ba za su hau ta ba, yawancin aikinta kuma sai da intanet. Har wa yau waɗansu daga makarantun ƙasashen waje suka fito a kulle, ba mai buɗe su sai makarantar.

RANAR CINIKI

Allah ya yi mana gata, Yashe a kan mararraba take, inda hanyar Funtuwa da Malumfashi ta haɗu da ta Kano zuwa Katsina. Mota ba ta yankewa. Kina iya bi ta Tsanyawa da Bichi ki shiga Kano, inda titin Beirut ya yi suna wajen wannan kaya, ko ki bi ta Kankiya da Charanchi ki shiga Katsina, ki komo a yinin. In ba za ki sami zuwa ba, maigida ko wanki ya je, amma a tafi da wanda ya san abin, kamar malamin kwamfuta na makarantar yaron. Kada a saya a shagon farko, a zaga uku ko huɗu tukuna.

In an tsai da ɗaya, a danna kowane harafi a gani yana fita. A duba gilashin ko da ɗigo ko layi. A buɗe a rufe, a ji ko marfin ya yi sako-sako. A gwada kyamara da lasifika da kafofin sa waya. A kashe a sake kunnawa, a tabbata ba ta neman kalmar sirrin wani. Sa'an nan a karɓi rasit mai sunan shago da lambar jikin kwamfutar, a rubuta kwana nawa aka ba ku na gwaji. Wanda ya ƙi ba da rasit, a bar masa kayansa, don kada a sayo kayan sata a sayo rigima.

IN TA ISO GIDA

Maƙiyanta uku ne: ƙura, da zafi, da ruwa. Lokacin hunturu a riƙa rufe ta a jaka. Kada a ɗora ta bisa katifa ko filo, gama ta ƙasa da gefe take shan iska, in an toshe sai ta yi zafi ta lalace. Kofin kunu kuwa ya yi nisa da ita.

Sa'an nan, uwargida, kada ki bari yaro ya shige ɗaki da ita ya rufo ƙofa. A ajiye ta inda kowa ke wucewa, a yanka wa kowa lokacinsa. Ina kuma roƙonku, kada a ce ta maza ce, mace ta tafi wanke-wanke. Ranar jarrabawa tambaya ɗaya za a yi musu, lokaci ɗaya za a ba su. Ke ma kada ki ji kunya ki ce wa 'yarki ta nuna miki, ilmi ba ya tsufa.

In ƙarfinki bai kai ba bana, kada ki ci bashi, kada kuma ki taɓa hatsin gida. Gida biyu ko uku na dangi suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya mai kyau, ko a biya wa yaro kuɗin koyo a shagon kwamfuta na 'yan watanni. Maƙwabciyata ta sake shiga adashi, ta kuma ce wannan karo da ƙafarta za ta je, da takardar tambayoyin nan huɗu ƙulle a bakin zanenta.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa su amfane mu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.