Tseren daji da guzuri a goye: Abin da sabon shiga zai auna kafin ya rubuta sunansa

Duk safiyar Asabar, bakin tafkin Jabi a Abuja kan cika da ma'aikata masu sassarfa. Wanda ya saba da kilomita 5 ko 10 a kan kwalta, wata rana zuciya kan raya masa ya gwada abin da ya fi haka: tseren daji, inda ɗan tsere ke goya abincinsa da magungunansa da kayan kwanansa, babu mai miƙo masa komai a hanya.

Mafi shahara a wannan fanni shi ne Marathon des Sables, wanda Bafaranshe Patrick Bauer ya assasa a 1986 a hamadar Maroko. Tafiya ce ta kimanin kilomita 250 cikin mako guda. Masu shiryawa ruwa da tanti suke bayarwa. Abinci kuwa kowa da nasa a jaka. Ba a barin mutum ya shiga sai da takardar likita da sakamakon gwajin zuciya.

Sharuɗɗan ba don ƙawa aka gindaya su ba. A 1994 guguwar rairayi ta ɓatar da ɗan Italiya Mauro Prosperi, sai bayan fiye da mako guda aka tsince shi a cikin Aljeriya. A watan Mayun 2021, 'yan tsere 21 suka rasu a lardin Gansu na ƙasar Sin, lokacin da sanyi da ƙanƙara suka rutsa da su a tseren kilomita 100, cikinsu har da gwanaye.

Ga ma'aikacin da ke zuwa hutu gida Kontagora, filin gwaji na nan a ƙofarsa. Zafin Maris da Afrilu a ƙasar Sarkin Sudan kan kusanci digiri 40, ga hanyoyin gona masu tsakuwa da burji. A irin wannan zafi mai gudu na iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, kuma kowace litar ruwa nauyin kilo guda ce a gadon baya. Shan ruwa zalla babu gishiri shi ma haɗari ne, domin yana tsinka gishirin jini. Jikin da ya saba da na'urar sanyaya ofis kuwa yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a rana.

Sai dai akwai abin da ya fi zafi nauyi. Ƙananan hukumomin Mariga da Magama da Mashegu, maƙwabtan Kontagora, sun sha fama da 'yan bindiga. Mafarautan gargajiya, waɗanda suka gaji shiga daji da gora da guzuri, ba su fita sai a ƙungiya, sai kuma an san inda suka nufa. Mai atisaye ya fi su buƙatar wannan ladabi: ya tsaya kusa da gari, ya fita da abokin tafiya bayan asuba, ya tuntuɓi mai unguwa da 'yan sa-kai, ya sanar da gida lokacin dawowarsa.

To, ya shiga ko ya haƙura? Ma'aunin a fili yake. Wanda bai taɓa kammala rabin gudun yada-ƙanin-wani ba, wato kilomita 21, bai taɓa yin awa huɗu a ƙafa da jaka a baya ba, likita kuma bai duba hawan jininsa da zuciyarsa ba, lokacinsa bai yi ba. Ya fara da tseren da ke da rumfunan ruwa da motar asibiti, irin na Legas da ake yi tun 2016, wanda ke da rukunin kilomita 10.

Kuɗin rajistar tseren hamada dubban Yuro ne, abin da zai lashe albashin watanni masu yawa. Shekara guda ta shiri ba ta rage wa mutum komai. Gaggawa kuwa tana iya cinye kuɗin, ta haɗa da lafiyar da iyali ke dogaro da ita.