Rigar da Aka Ɗinka Ba Awo

Ana saura kwana goma sha biyu Sallah na kai shadda yadi biyar wajen telan unguwarmu, wani dattijo da ya fi shekara talatin yana taka keke. Na haɗa masa da tsohon kaftanina, na ce ya ɗinka irinsa, don sauri nake yi. Ya ture kaftanin gefe, ya zaro tef daga wuyansa.

"Malam, tsaya tukuna. Wannan rigar ta bara ce, jikin kuwa na bana ne. Ɗaga hannu."

Ya auna kafaɗa, ya auna tumbi (bai ce komai ba, Allah ya saka masa da alheri), sannan ya shiga tambayoyin da ban zata ba. Babur nake hawa ko mota? A wane aljihu nake sa waya? Ya karɓi wayar ya gwada tsawonta, ya ce zai zurfafa aljihun dama kada ta suɓuce in na yi ruku'u. Tsagar gefe ma zai ƙara ta, don kada ɗinki ya ɓalle in na ɗaga ƙafa zan hau babur.

Abin da dattijon nan ya yi kafin almakashi ya taɓa yadi, shi ne asalin aikin masu zayyana. Da yawanmu in an ce zayyana sai hankalinmu ya tafi ga ado, aska takwas a ƙirjin babbar riga ko dagi a goshin soro. Ado na ciki, amma a ƙarshe yake zuwa. Buta, kujera, ƙofa, kwalin magani, wayar da ke hannunka, kowanne riga ce da wani ya ɗinka maka ba ku taɓa haɗuwa ba. Ko dai ya auna ka, ko kuwa ya yanka da ka.

Ɗauki butar da ka yi alwala da ita yau da asuba. Bakinta siriri ne mai lanƙwasa, ruwa na fita kaɗan-kaɗan, shi ya sa cikinta guda ke kai ka har wankin ƙafa. Gindinta na da faɗi, ba ta kifewa don an ɗan taɓa ta. Mariƙinta na daidai inda hannu ɗaya zai karkata ta, ɗayan na tarar ruwa. Ba wanda ke tuna mai wannan tunani sai ranar da aka sayo wadda bakinta ke dalala a kan wando, marfinta na faɗawa cikin kwata. Ranar kam za a ambace shi, ba da alheri ba.

Akwai wanda aka san sunansa. Muhammad Bah Abba ya yi koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya kuma taso a gidan maginan tukwane. Ya ga yadda kayan lambu ke ruɓewa a hannun manoma cikin 'yan kwanaki, har a tura 'yan mata talla ana neman a rabu da su ko da faɗuwa. Firiji a ƙauyen da ba wutar lantarki rigar aro ce, ga tsada ga rashin amfani. Sai ya koma ga abin da kowace tsohuwa ta sani game da randa: ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu, in iska ta busar da shi, yana tafiya da zafi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Gautan da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne, tukunyar ba ta yin sanyi sosai a inda iska ke da laima, kamar Legas ko Fatakwal. Busasshiyar iskarmu take so. A jikinmu aka auna ta.

Magabatanmu ma ba su yi gini da ka ba. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta sake shi sai dare ya yi. Zaure na tsare mutuncin gida: baƙo ya zauna, a gaisa, a sha fura, idonsa bai kai tsakar gida ba. Indararo na cilla ruwan sama nesa da bango. Gwanayen wannan sana'a har laƙabi suke samu, kamar Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ba ina cewa mu koma gidan ƙasa ba ne, wanda ya taɓa yin yaɓe kowace shekara kafin damina ya san wahalarsa. Amma na shiga sabon gida na miliyoyi, an kwafo zanensa daga hoton waya, tagogin gilashi manya-manya na kallon yamma, kwano a kusa da kai, ba zaure ba rumfa. A watan Afrilu in aka ɗauke wuta, mai gidan da iyalinsa a waje suke shimfiɗa tabarma. Baƙo kuwa in ya yi sallama, sai matan gida su kwashi mayafi a guje, don ƙofar falo na kallon madafa.

Irin wannan ɗinki ba a gini kaɗai yake ba. Shekara da shekaru muna rubuta Hausa da madannan da ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ka tura wa yayanka saƙo, "na bata kudin", shi kuma ya rasa ko ba ta ka yi, ko ɓata su ka yi. Yanzu akwai madannan Hausa a wayoyi, sai dai mu ne muka saba da matsattsiyar rigar har ba mu jin tana shaƙe mu. Na kuma taɓa tsayawa a bakin wani ofis mai matakala bakwai, ina kallon samari biyu suna cicciɓar wani bawan Allah da kekensa na guragu, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Wanda ya zana ginin nan ƙafafu biyu kawai ya auna.

Mai kemis ɗin unguwa ya fi shi basira. Ya san tsohuwar da ta zo karɓar magani ba ta karatun boko, sai ya ja layi uku a jikin takardar: safe, rana, dare. Biro ɗaya, daƙiƙa biyu, ba ta sake tambayar kowa ba.

Abin haushi, wannan ɓangare na aiki, wato awo da zayyana, shi muka fi ƙyashin biya. Mutum zai sayi buhun siminti ɗari uku bai yi ƙorafi ba, amma in mai zanen gini ya faɗi kuɗinsa sai ka ji, "A kan 'yar takarda?" Daga nan a ce wa birkila ya yi irin na Alhaji wane. Rushe bangon da aka kafa ba daidai ba kuwa ya ninka kuɗin takardar nan sau da yawa.

Kaftanina dai ya fito ana jajibirin Sallah, waya ba ta taɓa faɗuwa daga aljihunsa ba. Kai kuma mai shirin gini, in ka zauna da wanda zai zana maka gida, ka saurari tambayoyinsa. In bai tambaye ka ku nawa ne ba, da inda baƙi za su zauna, da inda Hajiya za ta yi alwala ba tare da ta hau matakala ba, karɓi takardar filinka ka nemi wani.