Injin Ban Ruwa: Mai Araha ko Mai Tsada?

'Yan'uwa manoma na fadamar Gwadangaji, kafin ƙungiyarku ta sayi injin ban ruwa domin shinkafar rani, ku auna abu uku.

Na fari, shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur babu sauƙi. Daga 2023 inji mai zuƙar mai yakan cinye riba.

Na biyu, ƙarko. Honda na asali ya fi na Sin tsada, amma yakan daɗe. Ku lura, akwai jabu.

Na uku, kayan gyara. Ku tambayi makanikan Birnin Kebbi ko ana samun fistan da ringinsa.

In inji ya tsaya sa'ad da shinkafa ke fid da kai, wahalar shekara ta tafi banza. Kuɗin ƙungiya amana ne a gaban Ubangiji.